Kwantarwa ta Dole a Asibitin Ƙwaƙwalwa: Wa Ke Sa Hannu, Kuma Har Yaushe?

Daga 2022 zuwa 2025, labaran da suka fito kan dokokin kwantar da masu larurar ƙwaƙwalwa ba da son ransu ba sun yi ta cin karo da juna. A 2022 ƙasar Meziko ta gyara dokar lafiyarta, ta ce ba za a kwantar da mutum ko a yi masa magani ba sai da yardarsa. A watan Nuwamba na shekarar, magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya umarci 'yan sanda da ma'aikatan agajin gaggawa su riƙa kai masu kwana a titi asibiti ko da sun ƙi, matuƙar alamu sun nuna larura ta hana su kula da kansu. A watan Oktoba na 2023 jihar Kalifoniya ta faɗaɗa sharuɗɗan tsarewa, a cikin watan ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da jagorar da ke kiran ƙasashe su kawo ƙarshen tilastawa. A watan Yuli na 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ke ƙarfafa wa jihohin Amurka gwiwa su ƙara kwantar da irin waɗannan mutane.

Wasu na tsuke ƙofa, wasu na buɗe ta, kowa kuma yana cewa don amfanin majinyaci yake yi. Wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake cusa iko iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya.

## Iko huɗu, suna ɗaya

Na farko shi ne riƙewa ta gaggawa. Ba a buƙatar alƙali kafin a yi ta, shi ya sa wa'adinta gajere ne. A Kalifoniya sashe na 5150 na dokar jihar ya ba ɗan sanda ko ma'aikacin lafiyar da aka ba izini damar riƙe mutum har awa 72 domin a duba shi. Dokar Baker ta jihar Fulorida, wadda aka kafa a 1971, ita ma awa 72 ta bayar. A Ingila ɗan sanda na iya ɗauke mutum daga bainar jama'a ya kai shi wurin da za a duba shi a ƙarƙashin sashe na 136 na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983. Da awa 72 ne, amma a 2017 aka mayar da shi awa 24.

Na biyu shi ne kwantarwa mai tsawo, wadda ke buƙatar ƙarin hannaye. A Ingila sai likitoci biyu sun ba da shawara, sannan wani ƙwararre da ba likita ba, galibi ma'aikacin walwalar jama'a, ya shigar da buƙatar: kwana 28 domin bincike a sashe na 2, ko wata shida domin jinya a sashe na 3. A Faransa alƙali ne ke duba lamarin kafin a cika kwana 12. A Italiya likita ɗaya ya ba da shawara, na biyu ya tabbatar, magajin gari ya sa hannu, alƙali ya amince, wa'adin kuma kwana bakwai ne da za a iya sabuntawa.

Na uku, wanda mutane da yawa ke ɗauka yana cikin na biyu, shi ne magani na dole. Tsare mutum daban, yi masa allura yana cewa a'a daban. A Kalifoniya, in ba gaggawa ba, sai an yi wani zama na musamman an tabbatar majinyaci ba ya iya yanke shawara kafin a tilasta masa magani. A Ingila bayan wata uku na ba shi magani ba da yardarsa ba, dole wani likita daga waje ya zo ya amince. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a 2018 cewa ɗaure majinyaci a gado fiye da kimanin rabin awa yana buƙatar izinin alƙali, ko da an riga an kwantar da shi bisa doka.

Na huɗu ba ya faruwa a asibiti ma. Umarni ne da ke wajabta wa mutum shan magani da zuwa ganin likita yana zaune a gidansa, in ya saɓa a iya mayar da shi a duba shi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne wanda aka tsare bai aikata laifi ba. Ba tuhumarsa ake yi ba, ba hukunci aka yanke masa ba, amma ƙofar da aka rufe masa ba ta bambanta da ta wanda aka hukunta ba. Wannan ne dalilin da ya sa lauyoyi ke kallon batun da idon 'yanci, likitoci kuma da idon jinya, kowanne yana ganin ɗayan ya manta da rabin magana.

## Wane sharaɗi ne ke halatta tsarewa

Kusan babu dokar zamani da ta ce larurar kaɗai ta isa. Sai an haɗa ta da wani abu. Mafi shahara shi ne haɗari: mutum na neman halaka kansa ko cutar da wani. Akwai kuma gazawa mai tsanani, wato larura ta hana shi sama wa kansa abinci, sutura ko makwanci. Gyaran da Kalifoniya ta yi a 2023 a nan ya taɓa: ya ƙara gazawar kare lafiyar jiki da neman maganin da ya zama wajibi, ya kuma shigar da shaye-shaye mai tsanani ko da babu wata larurar tare da shi.

Italiya ta bi wata hanya. Dokarta ba ta ambaci haɗari ba. Abin da take tambaya shi ne ko ana buƙatar jinya cikin gaggawa, ko majinyaci ya ƙi, da ko babu yadda za a yi jinyar a wajen asibiti. Masu wannan ra'ayi na cewa jingina tsarewa da haɗari yana shafa wa dukkan masu larurar baƙin fentin tashin hankali, yana kuma mayar da likita ɗan sanda. Masu sharaɗin haɗari na amsawa da cewa "buƙatar jinya" magana ce mai faɗi, wadda likita ne kaɗai ke auna ta, don haka takan iya haɗiye kowa.

Sharaɗi na baya-bayan nan shi ne ikon yanke shawara. Tambayar a nan ba ita ce ko shawarar mutum ta yi daidai ba. Tambayar ita ce ko ya fahimci bayanin da aka yi masa, ya riƙe shi, ya auna shi, ya kuma faɗi zaɓinsa. Mai ciwon zuciya yana da 'yancin ƙin tiyata ko da zai mutu. Me ya sa mai larurar ƙwaƙwalwa da hankalinsa ke auna abu zai rasa wannan 'yanci? Ireland ta Arewa ta gina dokarta ta 2016 a kan wannan tunani, Norway kuma ta shigar da shi cikin tata a 2017, sai dai ta bar togaciya idan akwai haɗari babba ga rai.

## Yadda aka zo nan

Tsarin takarda da sa hannun likita tsoho ne. Dokar Faransa ta 1838 ta riga ta raba kwantarwar da dangi suka nema da wadda hukuma ta umarta, abin mamaki kuma ta kira ta farkon da "ta son rai", alhali son ran dangi ake nufi. Wannan dabarar suna za ta sake bayyana idan aka zo kan yara.

A 1860 wani malamin coci a jihar Illinois ya sa aka kwantar da matarsa, Elizabeth Packard, saboda saɓanin da suke yi a kan aƙida. Dokar jihar a lokacin ta ba miji wannan dama ba tare da hujjar da ake nema a kan sauran mutane ba. Ta yi shekara uku a tsare, a 1864 kuma masu taimaka wa alƙali suka tabbatar lafiyarta ƙalau. Sauran rayuwarta ta ƙare ne a neman a gyara irin waɗannan dokoki.

Asibitocin dai sun ci gaba da cika. A 1955 mutanen da ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka sun kai kusan 559,000. Daga nan adadin ya fara sauka: maganin kulofuromazin da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952 ya ba da damar sallamar wasu, kuɗin riƙe asibitocin ya yi wa gwamnatoci nauyi, labaran cin zarafi kuma suka fito fili. A 1963 shugaba Kennedy ya sa hannu a kan dokar gina cibiyoyin jinya a cikin unguwanni. An rufe gadaje, amma cibiyoyin da aka yi alkawari ba a gina su yadda aka tsara ba, kuma yawancin muhawarar yau ɗiyar wannan giɓin ce.

Kotuna sun shigo a shekarun 1970. Kenneth Donaldson ya yi kusan shekara 15 a wani asibitin gwamnati a Fulorida bayan mahaifinsa ya nemi a kwantar da shi, ba tare da ya cutar da kowa ba, ba kuma tare da wata jinya ta kirki ba. A 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a tsare mutumin da ba shi da haɗari, wanda zai iya rayuwa lafiya a waje shi kaɗai ko da taimakon dangi da abokai, don kawai yana da larura. A 1979, a shari'ar Addington, ta ce hujjar tsarewa dole ta kasance bayyananniya mai gamsarwa, sama da ta shari'ar dukiya, ƙasa da ta shari'ar laifi. A shekarar ce kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a shari'ar Winterwerp, ta kafa sharuɗɗa uku: binciken likita na gaskiya ya tabbatar da larurar, tsananinta ya kai a tsare, kuma tsarewar ta ƙare da zarar larurar ta gushe. Italiya ta wuce su duka a 1978 da dokar da ake jingina wa likita Franco Basaglia, wadda ta hana kai sababbin majinyata tsofaffin asibitocin tsarewa.

Ba za a fahimci tsoron masu adawa ba sai an tuna da Tarayyar Sobiyat, inda aka riƙa laƙa wa 'yan adawar siyasa wata larura da ba ta da alamu bayyanannu ana kulle su. Matsin lambar da ta biyo baya ta sa ƙungiyar likitocin ƙasar ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983.

## Yaro: wanda aka kwantar "da yardarsa" yana kuka

Duk kariyar da aka ambata a sama, wa'adi, alƙali, lauya, ɗaukaka ƙara, tana farkawa ne idan doka ta ɗauki kwantarwar a matsayin ta dole. A nan gizo ke saƙa. Ga yaro, a ƙasashe da yawa, sa hannun uwa ko uba ya wadatar a rubuta cewa an kwantar da shi bisa yarda. Yana iya dukan ƙofa yana cewa a mayar da shi gida, amma a takarda shi majinyaci ne na son rai, don haka agogon da ke ƙirga wa babba kwanaki shi ba ya ƙirga masa.

Shari'ar da ta fi tasiri a kan wannan ita ce ta Parham, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1979. Yara biyu ne a wani asibitin gwamnati na jihar Jojiya. Ɗaya an kai shi yana ɗan shekara shida, ɗayan kuma hukuma ce ke riƙonsa. Kotun ta yarda yaro yana da 'yancin da ya kamata a kare, amma ta ce ba sai an yi zaman shari'a ba: ya isa likitan da ba shi da ɓangare ya bincika, ya kasance yana da ikon ƙin karɓar yaron, a kuma riƙa sake dubawa lokaci zuwa lokaci. Hujjarta ita ce galibin iyaye alherin 'ya'yansu suke nema, kuma jera uba da ɗa a gaban alƙali kamar abokan gaba zai ɓata dangantakar da yaron zai koma cikinta. Alƙali William Brennan bai gamsu da wani ɓangare na hukuncin ba. A ganinsa ko da an karɓi yaron da farko, ya kamata a yi zama bayan an kwantar da shi, yaron da hukuma ke riƙo kuwa ba shi da uwar da za a ce ƙaunarta ce kariyarsa.

Turai ma ta taɓa tsayawa a wuri ɗaya. A shari'ar Nielsen ta 1988, yaro ɗan shekara 12 a Denmak ya yi fiye da wata biyar a sashen ƙwaƙwalwa na yara bisa buƙatar mahaifiyarsa, a tsakiyar rikicin riƙo tsakaninta da mahaifinsa, wanda yaron ke son zama a wurinsa. Da ƙuri'a tara da bakwai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan ba tauye 'yanci ba ne, amfani ne da ikon iyaye. Shari'ar ta nuna inda hujjar Parham ke da rauni: wani lokaci matsalar da ta kai yaro asibiti tana cikin gidan ne, kuma mai sa hannun yana cikin rikicin.

Tun daga nan dokoki suka fara matsawa, musamman ga matasa. A Ingila, bayan gyaran 2007, ɗan shekara 16 ko 17 da ke iya yanke shawara, in ya ƙi kwanciya, yardar iyayensa ba ta isa ba. Sai dai a bi hanyar tsarewa ta doka da dukkan kariyarta. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙara da cewa ko da matashin ba ya iya yanke shawara, iyaye ba za su amince a madadinsa da a tauye masa 'yanci ba. A Jamus kwantar da yaro a wurin da ake kulle ƙofa yana buƙatar izinin kotun iyali, ko da iyaye ne suka nema. Dokar Indiya ta 2017 ta bar wa waliyyi damar neman a kwantar da yaro, amma sai ƙwararru biyu sun duba shi kowa daban, a ajiye shi nesa da manya, a kuma sanar da hukumar sa ido. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da wayonsa, tsare shi kuma ya zama matakin ƙarshe, na mafi ƙarancin lokaci.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda iyaye ne ke kuka da ita. A jihar Washington ɗan shekara 13 na iya neman jinyar ƙwaƙwalwa da kansa, abin da ya taimaki yaran da ke tsoron faɗa wa gida, amma ya bar wasu iyaye suna kallon ɗansu na lalacewa ba su san me ake ciki ba. A Fulorida kuwa lamarin ya juye: dokar Baker ta ba da damar a ɗauke yaro daga makaranta ba tare da yardar iyaye ba, kuma a shekarar 2018 zuwa 2019 an yi amfani da ita a kan yara fiye da sau 37,000. A watan Fabrairu na 2020 an ɗauki wata yarinya 'yar shekara shida daga makarantarta a Jacksonville, labarin ya karaɗe ƙasar, daga baya jihar ta tsaurara ƙa'idar sanar da iyaye. Saboda haka ba a iya taƙaita batun yara da cewa iyaye sun yi yawa ko hukuma ta yi yawa. Masu iko uku ne, iyaye, likita da hukuma, kuma yaro ya fi shiga haɗari duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya yanke shi kaɗai.

## Masu cewa a faɗaɗa, masu cewa a soke

Masu neman a sauƙaƙa kwantarwa, waɗanda da yawansu iyaye ne da 'yan'uwan majinyata, suna kafa hujja da cewa wasu larurori, kamar sikizofireniya, na hana mutum gane cewa ba shi da lafiya. Jiran ya nemi magani da kansa, a wurinsu, tamkar jiran wanda ya suma ne ya kira motar asibiti. Suna cewa sharaɗin haɗari na tilasta wa iyali su zauna har sai abin ya faru, kuma wanda asibiti ya ƙi karɓa sau da yawa gidan yari ne ko titi ke karɓarsa. Dokar Kendra ta New York, mai wajabta jinya a gida, an kafa ta ne a 1999 bayan wani mai larura da ya sha neman taimako ya tura wata mata gaban jirgin ƙasa.

A ɗaya gefen akwai kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido a kan yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006. Fassararsa tun 2014 ita ce tsare mutum saboda larurar ƙwaƙwalwa wariya ce, ko da an haɗa da haɗari, domin mai haɗarin da ba shi da larura ba a kulle shi kafin ya aikata komai. Abin da ya kamata, in ji su, shi ne a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa, ba a yanke masa ba. Mutane da dama da aka taɓa tsarewa suna wannan ɓangare, suna ba da labarin ɗauri da allura da suka sa ba su sake kusantar asibiti ba.

Ko a cikin Majalisar Ɗinkin Duniya baki bai zo ɗaya ba. Kwamitin haƙƙin ɗan Adam, a sharhinsa na 2014, ya halatta tsarewa a matsayin matakin ƙarshe, na ɗan lokaci, da kariyar doka. Yawancin ƙasashe a nan suke tsaye. Kotun tsarin mulkin Koriya ta Kudu, alal misali, ba ta soke kwantarwa ta dole ba a 2016. Abin da ta ce ya saɓa wa tsarin mulki shi ne yadda yardar masu riƙo biyu da ra'ayin likita ɗaya ke isa a kulle mutum.

## Abin da alƙaluma suka nuna

Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya kwatanta ƙasashe 22, ya sami kimanin kwantarwa ta dole 15 cikin mutum 100,000 a Italiya, a Ostiriya kuwa 282. Maƙwabta ne, kuma babu mai cewa larurar ta ninka sau goma sha tara da an tsallaka iyaka. Bambancin ya fi alaƙa da yawan gadaje fiye da kalmomin doka. A Ingila kuma alƙaluman hukuma sun daɗe suna nuna baƙaƙen fata sun fi farare yiwuwar a tsare su fiye da sau uku, abin da binciken da likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely ya jagoranta a 2018 ya ɗauka da muhimmanci.

Majinyatan da kansu ra'ayinsu ya rabu. A wani bincike na ƙasashen Turai 11, waɗanda suka ce kwantar da su ya yi daidai, wata uku bayan haka, sun kama daga kashi 46 zuwa 86 cikin ɗari, ya danganta da ƙasa. Kowane ɓangare na iya ɗaukar abin da yake so daga nan. Abin da ke yawan fitowa a irin waɗannan bincike shi ne yadda aka bi da mutum, ko an saurare shi, ko an yi masa bayani, yana tasiri ƙwarai a kan yadda zai kalli abin daga baya.

Kan tashin hankali, binciken MacArthur da aka yi a Amurka aka buga a 1998 ya gano waɗanda aka sallama, in ba su shaye-shaye, ba su fi maƙwabtansu faɗa ba. Kan umarnin jinya a gida, gwajin da aka yi a Ingila aka buga a 2013 bai ga ya rage komawa asibiti ba. Nazarin dokar Kendra ya ga raguwar kwanciya a asibiti, amma jihar ta zuba kuɗi a hidimomi tare da dokar, don haka ana jayayya ko umarnin ne ya yi aiki ko hidimar.

## Abin da ya shafi iyali

Ga dangin da suka kira neman agaji cikin dare, abu na farko da dokar ke canzawa shi ne wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. Inda 'yan sanda ne, mutumin da ke cikin ruɗu na iya isa asibiti da ankwa. Wannan ne ya sa Amurka ta buɗe layin waya na 988, domin kiran gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, a watan Yuli na 2022, birane da dama kuma suka kafa tawagar ma'aikatan lafiya masu zuwa gida. Abu na biyu, kiran ba ya nufin za a kwantar. Likita na iya sallamar mutum bayan awanni in sharaɗi bai cika ba, ko a bar shi kwanaki a sashen gaggawa saboda babu gado. Faɗaɗa doka ba ya ƙara gado ko ɗaya, shi ya sa gundumomi da yawa a Kalifoniya suka jinkirta aiwatar da gyaran 2023.

Abu na uku, da an sa hannu, iko ya bar hannun wanda ya kira. Ba shi ne zai ce a sallama ba, in majinyacin babba ne kuma dokar sirri na iya hana a gaya masa halin da ake ciki. Tsarewar na iya barin tabo a takarda: a Amurka dokar tarayya ta hana wanda kotu ta kwantar mallakar bindiga, a Kalifoniya ko riƙewar awa 72 saboda haɗari na jawo hanin shekara biyar.

Shi kuma wanda aka kwantar, a yawancin dokokin zamani yana da haƙƙin a gaya masa dalili da wa'adi, ya sami lauya ko mai tsaya masa, ya kuma ƙalubalanci tsarewar. Wasu dokoki, kamar ta Indiya, sun ba mutum damar rubuta wasiyyar jinya tun yana lafiya: maganin da yake so, wanda ba ya so, da wanda zai yi magana a madadinsa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje a 2016 ya nuna irin wannan shiri na rage kwantarwa ta dole da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sakamakon da umarnin jinya a gida bai nuna ba.

Sai ranar sallama, wadda iyali kan ɗauka ita ce ƙarshen fargaba. Nazari mai faɗi da aka buga a 2017 ya nuna haɗarin mutum ya halaka kansa ya fi tsanani a wata ukun farko bayan barin asibiti. Dokokin da suka yi dogon bayani kan yadda za a shigar da mutum galibi ba su ce komai kan wanda zai tarbe shi a waje ba. Ingila na cikin 'yan kaɗan da suka rubuta: wanda aka tsare a sashe na 3 yana da haƙƙin kulawa kyauta bayan sallama a ƙarƙashin sashe na 117, ƙa'idar hukumar lafiyar ƙasar kuma ita ce a tuntuɓi wanda aka sallama cikin awa 72.